Yadda Ake Yi wa Doki Tausa, Daga Ƙeya Har Kuturi

Ka ɗauko sirdi ka nufi doki, sai ya kwantar da kunnuwa, ya kaɗa jela, ya lanƙwasa baya tun sirdin bai taɓa shi ba. Ka zo ɗaure majayi ya juyo kamar zai cije ka. Da yawanmu sai mu ce halinsa ne, ko ya fara taurin kai. Sau da yawa kuwa ciwo ne a tsoka, kuma ya daɗe yana faɗa, mu ne ba mu saurara ba. Amfanin tausa na farko ke nan: hannunka zai riƙa jin abin da ido bai kai gare shi ba. Sassauta tsokar da ta ɗaure yana biyo baya.

Ka fara sanin abin da ke ƙarƙashin fata

Ba sai ka haddace sunayen tsokoki ba, amma akwai abubuwa kaɗan da in ba ka san su ba za ka yi ta danna inda bai kamata ba.

Doki ba shi da ƙashin da ke haɗa kafaɗa da ƙirji irin na mutum. Ƙafafunsa na gaba tsoka da jijiya ne kawai suka riƙe su a jikin gangar jiki, kamar an rataye ƙirjin a tsakanin ginshiƙai biyu. Ga shi kuma ƙafafun gaban ne ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa idan yana tsaye. Shi ya sa kafaɗa, ƙirji da gindin wuya suke yawan gajiya, musamman ga dokin da ke aiki a ƙasa mai tauri.

Daga gwiwa zuwa kofato babu tsokar da za ka tausa. Jijiyoyi ne da ƙashi. Duk wanda ka ga yana murza wannan wuri da ƙarfi da sunan tausa, bai san abin da yake yi ba.

Ƙasusuwan wuya guda 7 ne, kuma ba sa bin layin geza kamar yadda mutane ke zato. Daga ƙeya suke gangarowa su bi ta ƙasa-ƙasan wuya har su shige tsakanin kafaɗu. Abin da ke ƙarƙashin geza wata jijiya ce mai kauri da ke taimaka masa ɗaukar kai. Haƙarƙarinsa kuwa 18 ne a kowane gefe, kuma na ƙarshen shi ne iyakar inda ya kamata nauyin sirdi ya tsaya. Bayan nan tsatso ne, babu haƙarƙarin da ke tallafe shi. A kowane gefen ƙashin baya akwai wata doguwar tsoka da ta taso daga ƙugu har gindin wuya, ita ce mafi tsawo a jikinsa, a kanta sirdi ke zama, kuma a kanta za ka fi daɗewa.

Ranar da ba a tausa

Kafin ka ɗora hannu, duba lafiyarsa. Zafin jikin babban doki mai lafiya yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Salshiyos, bugun zuciyarsa yana hutawa kamar 28 zuwa 44 a minti guda. Idan yana zazzaɓi, ka bar shi. Haka nan idan yana ciwon ciki, wato yana waiwayen kwiɓinsa, yana tonon ƙasa da ƙafa, yana neman birgima ba ji ba gani: likitan dabbobi ake kira, kuma da gaggawa.

Kada ka tausa wurin da ya kumbura yana zafi, ko sabon rauni, ko miki, ko fatar da ke da makero ko ƙuraje. Sabon bugu ko targaɗe ruwan sanyi yake so a kwana biyu zuwa uku na farko, minti 15 zuwa 20 a kowane zubi. Ɗingishin da ba a san dalilinsa ba shi ma na likita ne. Goɗiya mai ciki a nemi shawara tukuna.

Akwai wata cuta guda da nake so ka riƙe da kyau, domin ita ce ta fi yaudarar mai tausa. Doki na cikin aiki sai tsokokin kuturi da na tsatso su sandare kamar dutse, ya jiƙe da gumi, ya ƙi motsi, wani lokaci fitsarinsa ya yi duhu. Zuciyarka za ta ce maka ai ga inda tausa za ta yi amfani. A'a. A wannan hali tsokar ce ke lalacewa daga ciki, murza ta ƙara ɓarna ne, tilasta masa tafiya ma haka. Ka tsayar da shi inda yake, ka kira likita.

A Ingila akwai ma dokar 1966 da ta ce gano cutar dabba aikin likitan dabbobi ne kaɗai. Ko babu irin wannan doka a inda kake, iyakar ta dace: mai tausa yana iya cewa "na ji tauri a nan", amma faɗin sunan cuta ba huruminsa ba ne.

Mataki na farko: wuri da tsayuwa

Zaɓi wurin da dokin ya saba, mai inuwa, ba hayaniya, ƙasa ba santsi. Kada ya zama lokacin da ake raba abinci, don hankalinsa ba zai kasance tare da kai ba. Sa masa ragama kawai, ba linzami ba. Ya fi kyau wani ya riƙe maka igiyar sako-sako, ya tsaya a gefen da kake; idan dokin ya zabura, sai mai riƙon ya jawo kan dokin wajenku, bayansa ya juya can nesa da ku. In kai kaɗai ne, ka ɗaure shi da ɗaurin da ake warwarewa da fizga ɗaya, ka bar masa tsawon da zai iya sauke kai.

Goge shi da burushi, domin ƙasar da ke cikin gashi tana goge fata idan ana murzawa. Yanke farce, cire zobe da agogo, sa rufaffen takalmi. Shafa mai ba dole ba ne. Gashin doki da kansa yana da santsi, kuma mai yana tara ƙura.

Doki ba ya ganin abin da ke daidai bayan jelarsa, da abin da ke dab da goshinsa. Ka tsaya a gefe, kusa da jikinsa, hannu ɗaya kullum yana kansa don ya san inda kake. Kada ka durƙusa gwiwa a ƙasa, ka tsuguna yadda za ka iya miƙewa nan take.

Mataki na biyu: duba shi yana tafiya, sannan ka shafa

A ja shi ya tafi ya dawo a miƙe, kana kallo ta gaba da ta baya da ta gefe. Shin ƙafar baya ɗaya tana gajarta taku? Jelar ta karkata gefe? Idan aka juya shi hagu da dama, wane ɓangare ya fi yi masa wuya? Riƙe abin da ka gani, za ka gwada shi da tafiyarsa bayan an gama.

Sai ka shimfiɗa tafin hannu a wuyansa, ka shafa a hankali bin kwanciyar gashi: wuya, kafaɗa, baya, kuturi, cinya. Ba tausa kake yi ba tukuna, lalube kake yi. Kana neman wurin da ya fi sauran zafi ko sanyi, wurin da ya yi tauri kamar igiya a ƙarƙashin fata, wurin da fatar ke karkarwa ko dokin ke gocewa. Ka yi gefe ɗaya, ka yi ɗayan, ka kwatanta. Jikin dokin shi ne ma'auninka: abin da ka ji a hagu ba ka ji a dama ba, shi ne abin lura.

Mataki na uku: koyi amsarsa

Wannan ne ginshiƙin aikin duka, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Doki dabba ce da ake farauta a asalinta, don haka ya iya ɓoye ciwo. Idan ka danna da ƙarfi, sai ya ɗaure tsokar ya jure, kai kuma ka ɗauka yana jin daɗi.

Alamun cewa ka dace: ido ya lumshe ko ya riƙa ƙiftawa a hankali, leɓen ƙasa ya saki, kai ya sauko, ya fara lasar baki yana tauna iska, ya yi doguwar ajiyar zuciya, ya yi hamma, ya ɗage ƙafar baya ɗaya ya dogara a kan bakin kofato. Alamun cewa ka wuce gona da iri: kunne a kwance, ido a zare, hanci da baki a tsuke, jela na bulala, ya riƙe numfashi, ya ɗaga ƙafa yana gargaɗi. Da ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, rage ƙarfi da rabi. Bai daina ba, ka koma wurin da ya yarda da shi ɗazu, ka sake matsowa daga baya.

Jim Masterson, Ba'amurken da ya shahara a wannan fanni, ya gina hanyarsa kusan gaba ɗaya a kan wannan karatun. Yatsa yake bi da shi a gefen ƙashin baya, da taɓawar da da ƙyar take motsa gashi, yana kallon idon dokin. Inda ido ya ƙifta sai ya tsaya, ya jira, har dokin ya saki da kansa. Na daɗe ina raina wannan, ina ganin dabbar da ta kai kilo 400 ko 500 me yatsa zai yi mata. Sai da na gwada a kan wani doki mai ƙin a taɓa masa ƙeya. Na ajiye yatsu biyu a bayan kunnensa, ban danna ba, na tsaya kamar minti biyu har na fara jin kunyar kaina. Sai ga ido ya yi nauyi, kan ya sauko kaɗan-kaɗan har hancinsa ya kusa gwiwata, ya yi hamma uku a jere. Dabbar da ke jin saukar ƙuda a bayanta ba ta buƙatar a nuna mata ƙarfi.

Mataki na huɗu: salon hannu

Salo biyar sun ishe ka. Shafa: doguwar tafiyar tafin hannu bin gashi, da ita ake buɗewa, da ita ake rufewa a kowane sashe. Matsa-saki: ka ɗora gindin tafin hannu a kan tsoka mai kauri, ka jingina nauyin jikinka, ka saki, ka matsa gaba, kamar bugun zuciya mai natsuwa. Cuɗa: ka kama tsoka tsakanin yatsu da tafi kana ɗagawa kana saki. Danna-riƙe: babban yatsa ko yatsu biyu a kan ƙullin da ka samu, daƙiƙa 15 zuwa 30, ba motsi. Sai gicciye: ka motsa yatsun gaba da baya a gicciyen zaren tsokar, fata na tafiya tare da yatsunka, ba goga kake yi a kan gashi ba.

Matsa-saki, danna-riƙe da gicciye su ne jigon hanyar Jack Meagher, wanda ya fara da tausar 'yan wasa mutane kafin ya koma kan dawakai, kuma ya yi aiki da tawagar mahaya ta Amurka a gasar Olamfik ta 1976 a Kanada. Abin da ya koyar shi ne tauri yakan fara ne a ɗan ƙaramin wuri, galibi inda tsoka ke haɗuwa da jijiya, kafin ya bazu. Linda Tellington-Jones kuwa ta kawo wani salo mai laushi: yatsu su tura fata su yi da'ira ɗaya da kwata, sannan a ɗaga a koma gaba. Yana da amfani ga doki mai tsoro, da wuraren da ba tsoka sosai kamar fuska.

Ƙarfin ya fito daga ƙafafunka da nauyin jikinka. Idan yatsunka sun gaji cikin minti goma, tsayuwarka ce ba daidai ba.

Mataki na biyar: bi jiki sashe-sashe

Fara daga doron kafaɗa, wato tudun da ke gaban sirdi, domin nan ne dawakai ke sosa wa juna da haƙora. A 1993 an wallafa wani bincike da aka yi kan dawakan Kamarg a kudancin Faransa, wanda ya nuna cewa sosa wurin da suka fi so a gindin wuya yana rage bugun zuciyar doki. Ka sosa da yatsu har ka ga leɓensa na sama ya miƙe yana rawa. Ka sami izinin shiga.

Wuya. Kama layin geza da hannu biyu, ka cuɗa daga doro zuwa sama, kana ɗan karkaɗa shi hagu da dama. Sai matsa-saki mai sauƙi a faɗin wuyan. Akwai wata doguwar tsoka da ta taso daga bayan kunne ta gangaro har dantse, ita ke jawo ƙafar gaba. Dokin da ake yawan fizgar linzaminsa za ka same ta a ɗaure. Bi ta a hankali. Kwarin da ke ƙasanta kuwa kada ka danna shi, babbar jijiyar jini ce ke bi ta nan, ga maƙogwaro a kusa.

Ƙeya da muƙamuƙi. Nan taɓawa ce kawai irin wadda za ka iya jurewa a kan fatar idonka. Ka tsaya a gefe, kada fuskarka ta kasance saman kansa, don in ya ɗaga kai ba zato haƙoranka ne za su biya. A kumatu, ƙananan da'irori a kan faffaɗar tsokar tauna. Idan ya ƙi sam, a duba haƙoransa.

Kafaɗa da ƙirji. Lalubo allon kafaɗa, ka bi gefensa na gaba da yatsu kana nutsa su a hankali. Bayan kafaɗa, sama da gwiwar hannu, akwai tsoka mai kauri da ke karɓar matsa-saki sosai. Sai tsokokin ƙirji tsakanin ƙafafu, da inda majayi ke bi. Dokin da ke cizo lokacin ɗaure majayi a nan yakan tona asirinsa. Shimfiɗa tafi, ka jira, kada ka yi cakulkuli.

Baya. Ka bar ƙashin baya kansa, ka sauka kamar faɗin yatsu uku zuwa huɗu a gefensa. Shafa mai tsawo sau biyar ko shida daga doro zuwa ƙugu, sannan matsa-saki taki-taki. Inda ka ji ƙulli, danna-riƙe, sai gicciye kaɗan, sai shafa. Da ka wuce haƙarƙarin ƙarshe ka rage ƙarfi, tsatso ba ya son danniya. Ka duba gashin wurin da kyau: farin gashi da ya tsiro a inda sirdi ke zama, ko kwarmi a bayan allon kafaɗa, shaida ce cewa sirdin ya daɗe yana cin wurin.

A nan na taɓa yin kuskuren da har yanzu nake tunawa. Wata goɗiya na yi kusan wata biyu ina tausa wa baya. Ta saki jiki ranar, bayan an hau ta sau biyu ta koma gidan jiya. Ina ta ƙara ƙarfi, ina canza salo. Ranar da na kifa sirdin na shafa cikinsa, sai na ji ɓangare ɗaya ya mutu ya yi ƙulli kamar dunƙulen hannu. Na bar jaki ina dukan taiki. Da aka gyara sirdin, tausa biyu ta wadatar. Tun daga nan, duk taurin da ya dawo wuri guda sau uku, sai na duba sirdi, haƙora, yankan kofato da zaman mahayi kafin na sake ɗora hannu.

Kuturi da cinya. Nan ne injin doki, tsokokin suna da kauri, kuma nan ne harbi yake. Tsaya a gefen ƙugu, jikinka dab da nasa, fuskarka na kallon baya. Matsa-saki da gindin tafi ko sassauƙan dunƙulen hannu a saman kuturi, kana kauce wa ƙasusuwan da suka turo. Sai tsokokin bayan cinya, daga gindin jela zuwa ƙasa: cuɗa da gicciye. Dokin da ke yawan sukuwa ko hawan tudu yakan jingino da nauyinsa a hannunka a nan, har sai ka dafe ƙasa da kyau.

Ƙafafu. Shafa kawai, kana lalube ko akwai zafi ko kumburi a jijiyoyin bayan ƙwauri. In ka samu, labari ne na kai wa likita.

Ka gama gefe ɗaya kafin ka zagaya ɗayan.

Mataki na shida: miƙa jiki

Ba a miƙa tsoka mai sanyi. Sai bayan tausa ko bayan tafiyar minti goma. Mafi aminci shi ne wanda dokin ke yi da kansa: ka riƙe karas ka ja hancinsa zuwa ƙirji, zuwa tsakanin gwiwoyi, sannan ta gefe zuwa inda majayi ke bi, zuwa kwiɓi, yana tsaye ba ya matsar da ƙafa. Ya riƙe daƙiƙa kaɗan, ka ba shi. Sau uku zuwa biyar kowane gefe. Binciken da Narelle Stubbs da Hilary Clayton suka yi a Jami'ar Jihar Mishigan, wanda ya fito a 2011, ya nuna cewa yin irin wannan a kai a kai na wata uku yana ƙara kaurin ƙananan tsokokin da ke riƙe ƙashin baya. Ka kula da yatsunka, dokin da ya ƙwallafa rai a karas ba ya tantancewa.

Sai ɗaga ciki: sa yatsu a tsakiyar ƙirji ta ƙasa, inda majayi ke bi, ka tura sama kana ɗan sosawa. Za ka ga baya ya taso. Riƙe daƙiƙa biyar zuwa goma.

Miƙa ƙafa da hannu ya fi haɗari. Ɗaga ƙafar gaba, tallafe ta da hannu biyu, ka kawo ta gaba ƙasa-ƙasa a layin jikinsa har ka ji ta tsaya da kanta. Nan za ka tsaya, daƙiƙa 10 zuwa 15. Ba fizga, ba ja gefe. In ya janye, bi shi, kada ku yi ja-in-ja. Wanda bai taɓa gani an yi ba, ya bari sai ƙwararre ya nuna masa.

Bayan an gama

Rufe da doguwar shafa daga wuya har jela, ka ja da baya ka ba shi minti biyu ko uku. Sau da yawa a wannan tsayuwar ce yake girgiza jiki ya yi hamma. A zagaya da shi minti biyar zuwa goma, ka kalli takun ka gwada da na farko. A ba shi ruwa. Idan tausar ta yi zurfi, washegari kilisa mai sauƙi ta isa.

Zaman farko kada ya wuce minti 15. Cikakkiyar tausa ga dokin da ya saba takan ɗauki minti 45 zuwa awa guda. Dokin da ke aiki sosai, sau ɗaya a mako ko mako biyu ya wadatar, ga kuma lalube na minti biyar kullum lokacin goge shi. Kada ka fara gwada tausa mai zurfi ana gobe gasa ko doguwar tafiya, ba a fafe gora ranar tafiya. Jikinsa na iya yin tsami, takunsa ya canza wa mahayi.

Za ka ji masu cewa tausa tana wanke gubar gajiya daga tsoka. Sinadarin da suke nufi jiki na kawar da shi da kansa cikin sa'o'i kaɗan bayan aiki, kuma tafiya a hankali ce ke hanzarta hakan. Abin da za ka iya gani da idonka shi ne doki ya natsu, taku ya saki, ya daina ƙin sirdi.

Ka ajiye ɗan littafi a barga. Zana doki ko da zanen bai yi kyau ba, gefen hagu da na dama, ka sa alama inda ka ji tauri, da kwanan wata, da aikin da ya yi kafin ranar. Bayan zama huɗu ko biyar ka jera shafukan: alamar da ke yawo daga wuri zuwa wuri gajiyar aiki ce, wadda ta kafe a wuri guda kuwa ita za ka nuna wa likita idan ya zo.